Binciken macizai da su damo kafin share fili a Sakkwato: yaushe ake yi, kuma ta wace hanya?

Injiniyan Gini

Assalamu alaikum, malamai. Akwai fili mai faɗin hekta 60 a wajejen Wamakko da ake son yin rukunin gidaje a kansa. Mafi yawansa tudu ne da ake noman gero da wake, akwai wani tsiri na marmara, kwazazzabo ya ratsa tsakiya, gefe ɗaya kuma ya gangara har ya taɓa fadama. Bankin da zai ba da kuɗin aikin ya ce dole rahoton muhalli ya ƙunshi bincike kan masu jan ciki: macizai, damo, guza, kunkuru da kada. Ƙwararren da aka tuntuɓa ya ce kwana uku a watan Maris sun ishe shi, zai shimfiɗa gutattsarin kwanon rufi a filin ya riƙa ɗagawa yana duba abin da ya fake a ƙasa. Shin wannan zai wadatar? Kuma doka ce ta wajabta binciken, ko sharaɗin banki ne kawai? Ina neman bayani dalla-dalla, don a san abin da za a rubuta a kwangilar mai binciken.

Hajiya Mai Tsara Birane

Wa alaikumus salam, Injiniya. Bari in ɗauki ɓangaren doka, masana dabbobi su yi maganar tarko.

Izini iri biyu ne a gabanku, mutane kuma kan cakuɗa su. Takardar mallakar fili da gwamna ke bayarwa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da amincewar zanen gini daga hukumar tsara birane ta jiha, wannan hanya ɗaya ce. Ɗayar ita ce ta EIA, nazarin tasirin aiki ga muhalli, wanda ya samo tushe daga Doka mai lamba 86 ta 1992, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke riƙe da shi. A jadawalin dokar, rukunin gidaje da ya kai hekta 50 ko fiye yana cikin ayyukan da nazarin ya wajaba a kansu. Naku 60 ne, babu ja. Kada ku yarda wani ya ba ku shawarar raba filin gida biyu a takarda, 30 da 30, don a kauce wa wannan. Masu duba rahoto sun san dabarar, banki kuma aiki ɗaya yake gani.

Dokar ba ta ambaci maciji da suna ba. Abin da ta nema shi ne a bayyana muhallin da aikin zai shafa, da illar da za a yi masa, da yadda za a rage ta. Ta nan masu jan ciki ke shigowa, musamman da yake filinku ya taɓa fadama. Ga kuma dokar kare dabbobi masu fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016: kada da mesa da dangin guza suna cikin jadawalinta. Idan kuɗin bankin ya biyo ta Bankin Duniya ko IFC, wato reshensa mai ba kamfanoni masu zaman kansu rance, ƙa'idarsu ta 6 kan halittu da matsuguninsu ta fi tamu tsanani wajen neman hujja, don haka ku tambaye su a rubuce wace ƙa'ida suke bi.

Tsarin a taƙaice: a yi wa aikin rajista a ma'aikatar tare da sharuɗɗan bincike, jami'ai su zo su ga filin, a tattara bayanai, a rubuta daftari, a baje shi ga jama'a kwanakin aiki 21, kwamitin masana ya zauna a kansa, a gyara, sannan amincewa ta fito. Inda kwana ukun Maris zai gaza shi ne wajen tattara bayanai, domin abin da aka saba nema bayanan yanayi biyu ne, damina da rani. Wani lokaci akan yarda da yanayi ɗaya idan akwai ingantattun bayanan kusa da wurin, amma wannan sai ma'aikatar ta amince tun farko, ba mai bincike ne zai yanke wa kansa ba.

Malamin Ilimin Dabbobi

Injiniya, hanyar kwanon rufin nan ba ƙirƙira ba ce, hanyar Ingila ce. A can ana shimfiɗa kwano ko shimfiɗar kwalta mai kusan rabin murabba'in mita, biyar zuwa goma a hekta, a bar su mako ɗaya ko biyu, a kewaya wajen sau bakwai a watannin Afrilu, Mayu ko Satumba, lokacin da zafin iska ke tsakanin digiri 9 da 18. Dalilin da ya sa take aiki shi ne macijinsu ɗumi yake nema. Namu inuwa yake nema. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan wuce digiri 40, kwanon da aka ajiye a fili kuwa kafin hantsi ya zama tanda. Ba abin da zai shiga ƙarƙashinsa, wanda ya shiga da dare ya makara fita zai iya mutuwa a wurin. Sai a ɗaga a ga wayam, a rubuta cewa filin ba shi da komai.

Matsalar watan ta fi ta kwanon girma. Damo yakan shafe tsakiyar rani a rami ko kogon itace, ba ya kiwo sai ruwa ya sauka. Kunkurun ruwa yana binne kansa cikin laka idan tafki ya ƙafe. Babban kunkurun Sahel, wanda jerin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ya sa cikin masu fuskantar ƙarewa, a raminsa yake wuce bazara. Macizai da yawa sun koma cikin suri da tsagar ƙasa. Wanda ya zo a Maris ƙadangare da tsaka da kulɓa zai gani, su kuma ko a tsakar gida ana ganinsu. Lokacin da ya fi shi ne daga makonni biyu bayan ruwan shuka zuwa ƙarshen Yuli, kafin gero da ciyawa su rufe ƙasa. A Agusta akwai dabbobin amma gani ya yi wuya, tarkuna kuma suna cika da ruwa. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba dama ce ta biyu, lokacin ana samun 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe, wanda ke nuna cewa wurin hayayyafa ne ba wurin wucewa ba.

Ga abin da ya kamata ya shiga kwangilar.

A fara da taswira. Bisa bayaninku filin kashi huɗu ne: gonar tudu, marmara, kwazazzabo, bakin fadama. Kowane kashi a bincike shi daban, a rubuta sakamakonsa daban. Rahoton da ya haɗa su a jeri ɗaya ba zai gaya wa mai zane inda zai bari da inda zai gina ba.

Tarkon bokiti da shingen leda. A kowane kashi layi biyu, kowane layi mita 30. Leda mai kauri, faɗin santimita 50, a binne santimita 10 a ƙasa, sauran 40 a tsaye, a kafa turaku kowace mita biyu. Bokiti mai lita 20 kowace mita biyar, wato bakwai a layi, a binne shi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, ledar ta ratsa ta kan tsakiyarsa. Layi takwas ke nan, bokiti 56, leda mita 240. A bar su buɗe dare goma a jere. Dabba na tafiya ta ci karo da shingen, ta bi gefensa, ta faɗa. Kurakuran da ke ɓata wannan tarko ƙanana ne: bakin bokiti ya ɗara ƙasa ko da yatsa ɗaya, kulɓa za ta kewaye shi, ƙasan leda ya sami kafa, duk abin da ya zo ta nan zai wuce. A huda gindin bokitin da ƙusa don ruwa ya tsiyaye, a zuba yashi yatsa biyu, a sa soso mai laima da ɗan guntun katako, a ɗora murfin a kan duwatsu uku sama da bakin don inuwa. Dubawa sau biyu a rana, kafin ƙarfe takwas na safe da kuma bayan la'asar. Idan tururuwa ta gano bokiti, a rufe shi a matsar da shi, in ba haka ba da safe ƙashi za a tarar. Ranar tashi a tone duk bokitan a cike ramukan.

Bokiti ba ya riƙe babban maciji. Dogayen macizan yashi masu gudu da rana, da gamsheƙa, fita suke yi abinsu. Saboda su ake sa tarkon waya mai bakin mazurari a gefen shingen, biyu a kowane layi, a lulluɓe da buhu ko ciyawa.

Idan ana son mafaka ta wucin gadi, a yi da falankin katako ko tsohuwar tabarma, a ƙarƙashin inuwar sabara ko aduwa, a ajiye makonni uku kafin fara dubawa. A ɗaga da sanda mai ƙugiya, ta ɓangaren da ke nesa da ƙafa, yadda falankin zai shiga tsakanin mutum da abin da ke ƙasa.

Sai nema da ido, wanda a ganina shi ya fi kawo nau'o'i. Mutum biyu, awa ɗaya a kowane kashi, a rubuta lokacin farawa da gamawa. Safe daga bakwai zuwa goma, yamma daga huɗu da rabi zuwa magariba, dare daga bayan isha'i zuwa sha ɗaya da tocilar goshi. Kububuwa da kasa da yawancin tsaka da dare suke fita, hawainiya ma da dare ta fi sauƙin gani don jikinta kan yi haske a kan reshe. Daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi kada a bari ya wuce. Duk dutsen da aka juya a mayar da shi yadda yake.

Kowace dabba a ɗauki hotonta ta sama, ta gefen kai, da ta ciki idan ba mai dafi ba ce, tare da lambar GPS, lokaci da yanayin sama. Saɓar maciji a ɗauka a sa a ambulan, ana gane nau'i da ita. Wannan na da muhimmanci domin akwai macijin da ke cin ƙwai, ba shi da dafi, amma zanensa da yadda yake goga jikinsa yana ƙara sak kububuwa. Akwai kuma wani ɗan baƙin maciji mai shiga ƙasa, kamar marar illa, wanda ke sara ta gefen baki ko an riƙe shi a wuya. Duk baƙin ƙaramin macijin da aka samu a bokiti da ƙugiya ake fitar da shi, ba da hannu ba.

Yadda za ku gane an yi isasshen aiki: ku nemi jadawalin sababbin nau'o'in da aka samu kowace rana. Idan har rana ta tara da ta goma ana samun sabo, binciken bai ƙare ba, a ƙara kwana. Idan kwana uku ko huɗu na ƙarshe ba sabo, an kusa kammala abin da wannan hanya za ta iya nunawa.

Na Bakin Rima

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ina da ja a kan layukan bakin fadama. Ƙasar wurin laka ce, ruwan ƙasa na kusa. Bokitin da aka huda gindinsa ta ƙasa zai cika, wanda ba a huda ba ruwa zai turo shi sama ya bar rami. A wagga ƙasa gara a ja layin baya zuwa inda yashi ya fara, cikin fadamar kuma a dogara da tarkon waya da nema da ido. Kwaɗi ma za su cika bokitan a damina, su jawo macizai masu cin su, lissafi ya karkace.

Abu na biyu, bokiti 56 sababbi a daji ba mai tsaro, ba za su kwana uku ba. Kafin a kafa turke ɗaya a je wurin hakimi da mai gari, a zauna da masu gonakin da ardon Fulanin da ke ratsa wurin, a ɗauki matasa biyu na garin aikin gadi da tona. Shanu na tattake shinge a dare ɗaya, don haka kada layi ya gitta burtali. Fita da tocila da dare kuma, a halin tsaron da ake ciki, sai da sanin 'yan sanda da 'yan sintirin yankin.

Ban yarda a ce Maris ba shi da amfani ba, Injiniya. Shi ne rabin rani na binciken, kuma akwai ayyukan da sai a lokacin. Ƙasa a buɗe take, ana ganin kowane suri, kowane rami, kowane tarin duwatsu da tsohuwar rijiya. A ɗauki lambar GPS ɗinsu duka, a auna faɗin bakin ramin, a share yashin ƙofar da yamma a dawo da safe a duba sawu. Ramin babban kunkuru bakinsa faffaɗa ne, sama a lanƙwashe ƙasa a shimfiɗe, daidai da siffar ƙoƙon bayansa. Shi ma kada, a rani ake ƙirga shi, lokacin da ruwa ya janye ya taru a 'yan gurabe. Dare marar farin wata, tocila mai ƙarfi a riƙe daidai ido, a bi gaɓa a hankali, idonsa ja yake maido da haske. A rubuta tsawon gaɓar da aka bi da yawan idon da aka gani.

A kuma tambayi mutane, amma da dabara. Mafarauta, makiyaya, masunta da masu wasa da maciji sun san abin da ke wurin. Kada a nuna hoto a ce "akwai wanga?", don kowa zai ce akwai. A bari mutum ya faɗi suna ya siffanta, ya ce yaushe ya gani na ƙarshe kuma a ina, sannan a fito da hotuna. A rahoto a raba abin da aka gani da ido da abin da aka ji a baki. Wanda ya cakuɗa su, ko ya kwaso jerin dabbobin kurmin kudu daga wani tsohon rahoto ya liƙa, kwamiti na ganewa.

Injiniyan Gini

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ke nan Maris a yi na rani, ƙarshen Yuni zuwa Yuli a yi na damina. To ɗan kwangila yana matsawa a sa katafila a Afrilu, ko da ɓangaren tudu ne kawai, a bar fadamar sai bincike ya kammala. Akwai hanyar yin haka?

Hajiya Mai Tsara Birane

Babu, Injiniya. Share fili fara aiki ne, dokar kuma kafin fara aiki take nufi. Jami'an da za su zo ganin wuri idan suka tarar katafila ta wuce, bayanan "yadda filin yake kafin aiki" sun zama ba su da ma'ana, banki kuma na iya dakatar da kuɗi a kan wannan kaɗai. Abin da za a iya yi a watannin jira shi ne safiyo, gwajin ƙasa da zane. Zanen ma gara a bar shi a buɗe ta gefen kwazazzabo da fadama, domin da alama rahoton zai nemi a bar tazara a wurin. Wannan tazarar ba asara ba ce: ita ce hanyar ruwa, gidan da aka gina a bakinta shi ambaliyar Agusta ke fara ci.

Malamin Ilimin Dabbobi

Na karɓi gyaran Na Bakin Rima kan bokiti a laka, haka ne. In ƙara da abin da ya kamata rahoton ya tanada don ranar share filin, tunda nan ne yawancin rahotanni ke yin shiru.

Lokaci: bayan girbi, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, dabbobin na da kuzarin gudu, ciyawa ta fara bushewa. A tsakiyar rani suna cikin rami, katafila binne su take yi. Kada a sa wuta. A yanke ciyawa mataki biyu, na farko a bar tsawon taƙi ɗaya, a jira kwana biyu, sannan a kwashe har ƙasa. A fara daga gefen da ke kusa da gari a nufi kwazazzabo da fadama, hekta biyu zuwa uku a rana. Idan aka fara daga fadama aka nufo gari, cikin gidajen mutane aka kora macizan. Idan aka kewaye filin aka matso tsakiya, an tara su wuri ɗaya ba mafita.

Kowane suri da tarin duwatsu da aka yi wa lamba, a rushe shi a hankali, daga sama, mai kama maciji na tsaye da ƙugiya da bokiti mai murfi. Guza kan saka ƙwai a cikin suri, mesa kuma kan kwanta kan nata a rami. Idan aka tarar da haka a kewaye wurin da igiya a bar shi har su ƙyanƙyashe. Abin da aka kama a sake shi a ranar, a wuri irin nasa, cikin ɓangaren da aka bari ko kusa da shi. Kai maciji nesa da inda ya sani yakan sa ya yi ta yawo har ya mutu. Kada da babban kunkuru ba aikin ɗan kwangila ba ne, jami'an kula da namun daji na jiha ake kira. Bayan an share, a ja shingen leda tsakanin wurin aiki da ɓangaren da aka bari, a riƙa duba shi kowane mako.

Ramin fandisho da na bututu tarko ne babba. A rufe su da yamma, ko a jingina katako a ciki kowace mita 20 don abin da ya faɗa ya fita, a leƙa kowace safiya kafin lebura ya sauka. Bulo da katako a jera su kan dandamali, ragowar abinci a kwashe kullum, don ɓera ke kawo gamsheƙa. A rubuta a kwangila cewa ba a kashe ko cin damo da guza a wurin aiki, in ba a rubuta ba tukunya za su shiga.

Sai sara. Takalmin roba mai tsawo da dogon wando ga kowa, da mota a wurin kullum. Kafin a fara aiki a je asibitin da za a kai mutum, ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani mafi kusa, a tabbatar akwai allurar dafi a hannu, kuma irin wadda aka yi don macizan nan, kamar EchiTAb. Wadda aka yi don macizan Indiya ba ta kashe dafin kububuwarmu. Idan sara ya auku, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a tafi. Saran kububuwa da farko yakan zama kamar ba komai, alhali jini ya daina daskarewa, don haka ko mutum ya ce ya ji sauƙi sai an yi masa gwajin daskarewar jini na minti 20 an kuma kwantar da shi aƙalla awa 24. Wanda gamsheƙa ta tofa wa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, minti goma sha biyar ko fiye, sannan a kai shi a duba idon. Jarka ɗaya ta ruwa mai tsabta a ajiye ta musamman don wannan a inda ake rushe suri.